Nazari Kan Yadda Yawan Gata Ke Halaka Furen Okid

Okid dangi ne na tsirrai masu fure wanda masana suka ƙiyasta cewa nau'o'insa sun kai kusan 28,000, kuma a cikinsu akwai banila, wadda ake sanya ƙamshinta a kek da askirim. Nau'in da ya fi shiga gidajen mutane shi ne Falenofsis, wanda masanin tsirrai Carl Ludwig Blume ya raɗa wa suna a shekarar 1825, asalinsa kuwa dazuzzukan Kudu maso Gabashin Asiya ne, irin su Indonesiya da Filifin, ko da yake a yau manyan gonakin rumfa na Taiwan da Holan ne suke noma shi da yawa suna aikawa kasuwannin duniya. A mazauninsa na asali wannan tsiro ba ya taɓa ƙasa, a jikin reshen bishiya yake maƙalewa, sai dai ya bambanta da kaucin da aka sani a ƙasar Hausa, domin kauci yana huda bishiya ya sha ruwanta, shi kuwa okid wurin zama kawai yake nema, abincinsa yana zuwa ne daga ruwan sama da raɓa da ɗan ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a kusa da shi.

Saboda wannan rayuwa ta kan reshe, saiwarsa tana lulluɓe da wata fata mai kama da soso da ake kira belamen, wadda take zuƙe ruwa nan take idan ya zubo, sannan ta bushe idan iska ta kaɗa. Idan saiwar ta sha ruwa takan yi kore shar, idan ta bushe kuma ta koma ruwan azurfa, wato tsiron da kansa yana sanar da mai shi lokacin ban ruwa, muddin mai shi yana da halin sauraro. Saiwar da aka hana ta iska, aka tsare ta a cikin laima, ruɓewa take yi.

Duk wannan bayani bai kai ga marubucin wannan nazari ba a lokacin da ya fi bukatarsa. Shi dai ma'aikaci ne a Kaduna, jikan manoman dawa ta wajen uwa da uba, kuma yana ɗaukar wannan nasaba a matsayin takardar shaida kan duk wani abu mai ganye. Tsiron da ake magana a kai na uwargidansa ne, abokan aikinta suka ba ta lokacin da aka yi mata ƙarin girma, a cikin wata 'yar roba garai-garai mai faɗin santimita 12, wanda shi ne ma'aunin da aka saba sayar da shi a ciki. Ya yi watanni yana ɗauke da fararen furanni, har baƙi suna taɓawa don su tabbatar ba na roba ba ne, daga baya furannin suka kaɗe kamar yadda aka saba. Da uwargida za ta tafi biki garinsu, ta bar umarni guda ɗaya, cewa kada a taɓa mata shi, umarnin da marubucin ya fassara a matsayin shawara.

Abin da ya ja hankalinsa shi ne saiwoyin da suka leƙo ta bakin robar suna lilo a iska. A wajen masana wannan alamar lafiya ce, domin haka tsiron yake yi a daji, amma a idon jikan manoma saiwar da ta fito fili shaida ce ta yunwa da ƙuncin muhalli, don haka ya yanke shawarar sauya masa mazubi. Gaskiya ne ana sauya wa okid mazubi, galibi bayan shekara ɗaya zuwa biyu, saboda ɓawon itacen da aka dasa shi a ciki yana ruɓewa ya zama gari ya toshe hanyar iska, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan fure ya kaɗe, sababbin saiwoyi sun fara tsirowa. Ta fuskar lokaci ke nan marubucin bai kauce ba, kuma ya nemi a rubuta masa wannan.

Ƙa'idar zaɓen mazubi ita ce sabon kada ya fi tsohon faɗi da abin da ya wuce santimita biyu ko uku, kuma ya kasance da huda da yawa a ƙasansa, domin duk wurin da saiwa ba ta kai ba a cikin mazubi ruwa ne yake kwanciya a ciki. Marubucin ya bi wata ƙa'ida ta daban, irin wadda iyaye suke bi wajen sayen takalmin Sallah, wato a sayo babba yaro ya girma a ciki. Ya sayo wata tukunyar tangaran mai zanen zinariya wadda sai da mutum biyu suka sauke ta daga mota, ba ta da huda ko ɗaya, abin da ya ɗauka a matsayin falala, tunda ba za ta ɓata wa uwargida kafet ba. Ya cika ta da baƙar ƙasar fadama, ya gauraya da takin awaki wanda maƙwabci ya bayar kyauta cikin murna, ya tura duk saiwoyin ciki ya danne da tafin hannu, sannan ya binne tsiron har wuya. Ban ruwa kuwa safe da yamma, da butar alwala.

Ba a jima ba ganyen, wanda a da yake da kauri da sheƙi, ya fara yamushewa yana langaɓewa. A nan akwai tarkon da yake kama yawancin masu farawa, domin saiwar da ta ruɓe ba ta iya kai ruwa ga ganye, saboda haka tsiron da ruwa ya yi wa yawa da wanda ƙishirwa ta kama kamanninsu ɗaya ne daga sama. Marubucin ya duba alamun da idon basira, ya yanke hukuncin ƙishirwa ce, ya ƙara ban ruwa na azahar. Falon ya ɗauki wani wari da ya gagari turaren wuta, wasu ƙananan ƙudaje suka tare a bakin tukunyar, maigadi ya ba da shawarar a barbaɗa toka, maƙwabcin da ya ba da taki kuma ya ce shi tun farko ya san bakin baƙi ne ya kama furen.

Uwargida ta dawo, ta tsaya a kan tukunyar na ɗan lokaci, ba ta yi faɗa ba, wanda masu aure suka san ya fi faɗan muni. Washegari aka ga marubucin a bayan Keke Napep rungume da tukunyar, ruwan taki yana fantsamo masa a farar shadda a duk ramin da aka faɗa, har ya isa wurin wani dattijo mai sayar da shuke-shuke a bakin titi. Dattijon ya zura hannu ya zaro tsiron, ya matsa wata saiwa da yatsa biyu, fatar ta zame ta bar wani siririn zare, sai ya ce: "Alhaji, rogo aka yi nufin shukawa?" Marubucin, wanda bai je Makka ba, ya karɓi laƙabin ya ƙyale tambayar.

Aikin da dattijon ya yi shi ne wanda littattafai suke koyarwa. Ya wanke saiwoyin, ya gasa bakin almakashi a wuta don kada okid ɗin ya ɗauki cuta daga wani tsiro, ya yanke duk saiwar da ta yi laushi ko ta zama fanko, ya bar 'yan ƙalilan masu tauri. Daga nan ya ɗauko wata ƙaramar roba garai-garai irin ta sayar da miya, ya ɗora ƙusa a wuta ya huhhuda ƙasanta da gefenta, ya zuba gutsattsarin gawayi da ɓawon kwakwa wanda aka jiƙa aka wanke saboda gishirin da yake ɗauke da shi, ba ƙasa ko ƙwaya ɗaya. Ya zaunar da tsiron ta yadda mahaɗar ganyensa take sama da abin da aka zuba, ya yi gargaɗin cewa ruwan da ya kwana a wannan mahaɗa yana ruɓar da tsiron daga tsakiya, kuma a dakata da ban ruwa na 'yan kwanaki har yankan ya bushe.

Ga mai farawa, wannan robar mara kwarjini ta fi kowace tukunya, domin tana nuna launin saiwa, ba sai an yi hasashe ba. Tukunyar yumɓu mai huda tana da amfani ga mai nauyin hannu wajen ban ruwa, tunda tana tsotse laima ta jikinta, amma a lokacin hunturu takan busar da tsiron da sauri, kuma saiwa tana manne mata ta yadda sai an karya ɗaya daga cikinsu kafin a raba su. Mai son ado yana iya ɗora robar a cikin tukunyar tangaran, ya riƙa ciro ta idan zai ba da ruwa, ya bari ta tsane kafin ya mayar. Da aka gwada wannan da tukunyar marubucin, sai da aka leƙa kafin a ga tsiron, don haka aka mayar da ita bayan gida aka shuka attarugu, wanda ya yi kyau ƙwarai.

Bayan wasu watanni a bakin tagar gabas wani koren tsini ya ɓullo daga gindin tsiron, marubucin kuma ya sanar da 'yan uwa da abokan aiki cewa fure yana tafe, tare da ɗan bayani kan muhimmancin haƙuri a harkar noma. Masana suna bambance sandar fure da saiwa ta hanyar duba kan tsinin, domin na sandar fure yana da ɗan faɗi da tsaga kuma yana miƙewa wajen haske, na saiwa kuwa mulmulalle ne mai sheƙi, jikinsa yana komawa ruwan azurfa yayin da yake tsawo. Uwargida ta sa tabarau ta duba, ta ce: "Malam, saiwa ce. A bar ta a waje."