Motar da Ta Sha Taki: Nazari a Kan Biyan Kuɗin Sabis Tun Kafin Lokaci

Yarjejeniyar sabis ta biyan gaba wani tsari ne da dillalan manyan motoci suka ƙirƙiro, inda mai sayen sabuwar mota yake biyan kuɗin kula da ita na shekara biyu ko uku a dunƙule tun ranar da aka miƙa masa makulli, su kuma su ɗauki alkawarin yi mata juye, wato zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo, da sauya filtar mai da ta iska, da duba birki da sauran abin da littafin motar ya tsara, duk lokacin da wa'adi ya cika. Wajibi ne a bambanta ta da garanti, wanda alkawari ne na gyara aibin da mota ta fito da shi daga masana'anta, da kuma inshora, wadda ke ɗaukar nauyin haɗari, domin ita yarjejeniyar sabis abin da aka san zai zo kaɗai take ɗauka, wanda ya zo ba zato kuwa takan bar wa mai mota kayansa. A Jamus ko Ingila, inda ladan makanike ke da tsada kuma garejin dillali yake kusa da gida, lissafin ba ya da wuya. Abin da ke buƙatar bincike shi ne yadda lissafin yake zama idan mai motar yana kwana a garin Shagari, garejin kuma yana Abuja.

Motar alfarma mai amfani da man dizal, wanda direbobin Arewa suka fi sani da gas, ta yi nisa da manyan Marsandin Jamhuriya ta Biyu, waɗanda har yau wasu ke kira da sunan marigayi Shugaba Shehu Shagari, wanda ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Waɗancan makanike mai kunne yakan gane ciwonsu daga kukan inji, amma ta yau kwamfuta ce ke tafiyar da ita, kuma dokokin hayaƙi na Turai sun ɗora mata kaya masu laulayi. Akwai nozul masu fesa gas da matsi mai tsanani, waɗanda ɗigon ruwa a cikin mai ke iya kashewa. Akwai matatar da ke cikin salansa, wadda ke tara kunkunniya har sai an yi doguwar tafiya ta yi zafi ta ƙone ta. Akwai kuma wani ƙaramin tanki mai shuɗin murfi da ake zuba wa ruwan da ake kira AdBlue, wanda ake fesawa cikin hayaƙi don ya rage gubarsa. An ƙera waɗannan duka ne domin gas ɗin Turai, wanda farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, alhali Nijeriya ta daɗe tana halatta har kashi 3,000, abin da wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta tona a rahotonta na 2016, kafin ƙasashen ECOWAS su amince da kashi 50 a 2020.

Misalin da wannan nazari ya dogara da shi na wani Alhaji ne, ɗan kasuwar albasa da hatsi a ƙasar Shagari, wanda ya sayo irin wannan mota daga wani dillali a Abuja a farkon 2023, ya kuma biya sabis na shekara uku gaba ɗaya, saboda wani saurayi mai laktaye ya tabbatar masa cewa manya haka suke yi. Mai wannan rubutu ɗan ƙanwar Alhajin ne, kuma da yake shi ne ya fi kowa boko a gidan, sai aka naɗa shi mai karanta takarda, muƙamin da ba shi da albashi kuma ba a yin murabus daga gare shi. Malaman da ke zama a zauren Alhaji sun ɗan tattauna ko cinikin yana cikin babin salam, wato a biya kuɗin hatsi tun yana gona a karɓa da kaka, suka kuma yarda cewa muddin an san adadi an san lokaci babu laifi. Babu wanda ya tuna ya tambayi inda za a karɓi hatsin.

Sakamako na farko da takardar ta haifar na zumunci ne. Akwai sharaɗi a cikinta cewa idan wani hannu da ba na kamfani ba ya taɓa injin, alkawari ya warware, kuma hannun da wannan sharaɗi ya fi shafa shi ne na wani dattijon makanike a bakin titin Bodinga, wanda ya riƙe tsohuwar Fijo 504 ta Alhaji tun tana budurwa har ta ga jikoki. An aiki mai wannan rubutu ya kai masa labari, dattijon ya saurara har ƙarshe yana goge sifana da tsumma, sa'an nan ya ce Allah ya sa alheri, da irin muryar da ake faɗin haka a wurin ɗaurin auren tsohuwar budurwa.

Sakamako na biyu na lissafi ne. Daga Shagari zuwa Abuja, ko an bi ta Tambuwal da Jega da Yawuri da Kontagora, ko an koma ta Sakkwato da Gusau da Funtuwa da Kaduna, tafiya ce ta fiye da kilomita 600, wato fiye da 1,200 zuwa da dawowa, a kan hanyoyin da mai hankali ba ya bi da dare. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ke cika filta tun kafin lokacinta, direbobi da yawa sukan yi juye a kowace kilomita 5,000, saboda haka kusan rubu'in rayuwar baƙin man yana ƙarewa ne a hanyar zuwa karɓo shi. Babbar mota da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha fiye da lita 120 a wannan zirga-zirga, kuma a 2024, lokacin da litar gas ta haura naira 1,000, wannan ya zarce naira 120,000, ban da masauki da abincin direba da na mai karanta takarda. Alhaji bai taɓa yarda a kira wannan kashe kuɗi ba, domin a ganinsa sabis kyauta ne, kuma abin kyauta ba a yi masa lissafi.

Babban al'amarin ya faru ne ana cikin hunturu, sa'ad da wani rubutu mai ruwan ɗorawa ya bayyana a gaban sitiyari, tare da lambar da ke raguwa da kowace tafiya. Alhaji ya sa aka kira mai wannan rubutu, ya nuna masa da bakin carbi, ya ce, "Ɗana, mi tac ce?" Aka bayyana masa cewa ruwan tanki mai shuɗin murfi ya kusa ƙarewa, kuma motar tana gargaɗin cewa idan lambar ta kai sifili aka kashe inji, ba za ta sake tashi ba, domin haka dokar Turai ta wajabta wa masu ƙera ta. Alhaji ya nemi sanin abin da Turai ta haɗa da shi, sa'an nan ya nemi sanin ko wane irin ruwa ne wannan, aka gaya masa gaskiyar kimiyya, cewa kashi 32.5 cikin ɗari yuriya ce, saura kuma tataccen ruwa. A nan fuskarsa ta washe, domin mutumin da ke da buhunan yuriya jibge a sito saboda noman rani ba zai je Abuja neman taki ba. An yi ƙoƙarin ƙara masa bayani cewa takin gona yana da gauraye-gaurayen da ke toshe bututu, ruwan rijiya kuma yana da gishirin ƙasa, amma sai ya ce, "Kai dai ka ce yuriya, ko ba ka ce ba?" Kafin la'asar direba ya jiƙa taki a bokiti, ya tace da sabon kallabi, ya ɗura.

Motar ba ta yi gardama nan take ba, sai dai ta sauya rubutu, ta ce ruwan da aka ba ta ba shi da inganci, ta ci gaba da ƙirgenta, Alhaji kuwa ya fassara wannan da cewa ba ta saba ba ne. Ranar wata Asabar aka nufi Sakkwato ɗaurin aure, Alhaji a baya da malum-malum mai sitaci, aka tsaya a Bodinga don yin salla, direba ya kashe inji. Wannan yanki ya ga manyan baƙi a tarihi, domin a Sifawa da ke kusa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga kanta, amma ana shakkar ko ya taɓa ganin baƙuwar da ta tara jama'a da sauri kamar wannan mota da ta ƙi tashi. Samari majiya ƙarfi suka tuɓe riguna don turi, aka sanar da su cewa mota mai giyar otomatik ba ta tashi da turi, suka tura duk da haka don kada ladan ya wuce su. Wani ya ce batir ne, wani ya ce sammu ne, wani ɗan bumburutu, wato mai sayar da mai a galan, ya rantse cewa ba a wurinsa aka sha ba tun kafin a tuhume shi.

Can sai ga dattijon makanike ya tsallako titi a hankali, hannayensa a baya. Ya gaida Alhaji da kyau, ya zagaya motar, ya yaba fentinta, Alhaji ya ce masa don Allah ya buɗe ya duba. Dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, ni wa, in taɓa abin da ke da takarda?" Ya tsaya dai a wurin har ƙarshe, yana bai wa masu zuwa bayani. Da aka buga wa kamfani waya, wata murya mai ladabi ta ce babu damuwa ko kaɗan, a kawo motar kawai za a duba.

An kai ta, amma a goye, bisa wata tsohuwar babbar mota da ta girmi mai wannan rubutu, wadda ke tuƙa hayaƙi baƙi ƙirin tun daga Bodinga ba tare da ta nemi izinin kowace ƙasa ba. A garejin aka karɓe su da shayi da sanyin na'ura, aka wanke tanki, aka sauya famfo da bututu da na'urar da ke auna ingancin ruwan, aka kawo takardar kuɗi. Mai wannan rubutu ya karanta wa kawunsa sakin layin da ya ce yarjejeniya ba ta shafi ɓarnar da gurɓataccen mai ko ruwa ya jawo ba, sakin layin da ya taɓa karanta masa a zaure ana tsakiyar cin goro. Juye da filta kuwa an yi su kyauta kamar yadda aka alkawarta, har da wanke taya.

Adalci ya wajabta a faɗi inda Alhaji ya ci riba, kuma ribar ba ƙarama ba ce. Ya biya kuɗinsa lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, sai aka saki naira a watan Yunin 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, kuma da yake baƙin man irin waɗannan motoci da filtocinsu daga waje ake shigo da su, wanda ya biya da tsohuwar naira ya sha da arha ƙwarai. A ra'ayin mai wannan rubutu, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta biyan gaba a Nijeriya, kuma ga mazaunin Abuja ko Legas da ke shan gas a gidan mai amintacce, tana iya wadatarwa, in dai dillalin zai rayu har wa'adi ya cika. Ga mazaunin Shagari kuwa, abin da faɗuwar naira ta ba shi hanya ta karɓe, abin da ya fi yiwuwa ya lalace kuma, wato nozul da matata da tanki mai shuɗin murfi, yana wajen takarda.

A halin yanzu motar tana cikin rumfa an lulluɓe ta da tamfol, ana fito da ita ranar salla da ranar tarbar baƙi a filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, harkokin yau da kullum kuma sun koma kan Fijo, bayan an kai wa dattijon Bodinga buhun gero da ban-haƙuri. Da yake motar ba ta tafiya, sauran sabis ɗin da aka biya suna nan ba a ci ba, wa'adinsu kuma yana ƙaratowa, saboda haka Alhaji ya umarci mai wannan rubutu ya rubuta wa kamfani wasiƙa da Turanci mai nauyi, ya tambaya ko za a iya mayar da ragowar juyen kan injin ban-ruwa na fadama, wanda shi ma gas yake sha.