Ƙaunar da Ke Kashe Dashe

Yawancin dashen mangwaron da ke mutuwa a tsakar gida, ƙaunar mai gida ce ke kashe shi. Mutum zai haƙa rami, ya cika shi da ɗanyen kashin kaji, ya barbaɗa toka don ƙarin lada, in ganye ya ƙone kuma ya ce bakin maƙwabta ne. Alhali gishiri da amoniyar da ke cikin ɗanyen kashin kaji su ke ƙona ƙananan saiwoyi. Toka kuwa in ta haɗu da ɗanyen taki, korar naitirojin take yi ya bi iska. Warin nan da ke tashi, kuɗin mai gida ne ke tafiya.

Za a ce ai manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar takin bola a kan jakuna, gonakinsu ba su koka ba. Gaskiya ne, amma da rani suke zuba shi tsibi-tsibi, ya sha rana, a watsa shi a fili kafin shuka. Bolar da can ma ba ta san leda da mataccen batir ba. A bar taki ya ruɓe wata biyu zuwa uku, ana yayyafa masa ruwa ana juyawa, sannan a gauraya kaɗan da ƙasar ramin. A kuma yi shinge, don akuyar gida ba ta da labarin wahalar da aka sha.