Mai Ƙwai Biyu

A da, babban mutum a unguwa shi ne mai mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai motar ya lulluɓe ta da tampol, ya dawo Adaidaita Sahu tare da mu. Yanzu in kana neman manya, je teburin mai shayi bayan sallar isha'i.

Can ake tantance arziki. Mai shan shayi ba madara yana ƙarshen benci, yana hura kofinsa cikin tawali'u. Mai madara ana ce masa Malam. Amma da zarar wani ya gyara murya ya ce, "A dafa min Indomie, a fasa ƙwai biyu," sai hira ta tsaya cak. A matsa masa wuri. Mai shayi ya sake goge farantin da ya riga ya goge, ya ce, "Ranka ya daɗe, da albasa?" Kafin ƙwan ya soyu, mutum biyu sun tuno kakansu ɗaya da shi, na uku kuma ya soma ba shi labarin kuɗin makarantar yara.

Shi ya sa masu wayo ke raɗa wa mai shayi a ƙulle musu a baƙar leda.

Akwai kuma maƙwabcina, wanda garau-garau ya ci, amma tun azahar tsinken sakace ke bakinsa, yana neman naman da bai shiga ba. In kun haɗu, don Allah ka ce masa Alhaji. Tsinken ma saya ya yi.