Jinjina ga Takardar Maganin da Ba a Gani

Duk wanda ya ce Bajamushe ba shi da haƙuri, bai ji tarihin takardar maganinsu ta intanet ba, wadda suke kira E-Rezept. Mu da muka san Jamus ta Marsandi da injin da ba ya mutuwa, mun ɗauka mutane ne masu zafin nama. Ashe akwai natsuwa a wurin. A 2001 aka janye wani maganin rage kitsen jini mai suna Lipobay daga kasuwa bayan ya yi ajalin mutane, wasunsu saboda an haɗa musu shi da wani maganin da ba sa ga maciji da juna. Da aka zo bincike, sai aka tarar babu wani wuri guda da za a duba a san wane majinyaci ke shan me. Nan take hukuma ta zabura. A 2003 aka yi dokar cewa ranar 1 ga Janairun 2006 kowa zai riƙe katin lafiya na zamani, likita kuma ya riƙa aika takardar magani ta kwamfuta. A 2005 aka kafa kamfani sukutum mai suna gematik don ya yi aikin. Abin ya zama wajibi ranar 1 ga Janairun 2024. Shekara 18 kacal aka ƙara a kan wa'adi. 'Yar ƙaramar Estoniya ta gama nata tun 2010, amma ai rashin girma ne ke sa mutum garaje. Sannu ba ta hana zuwa, kuma Jamus ta zo.

Wanda ya fi kowa cin ribar wannan zuwa shi ne likitan iyali, wato likitan unguwa da kowa ke fara zuwa wurinsa da tari, da hawan jini, da ciwon suga, da ciwon baya. Kafin a ceto shi, wannan bawan Allah yana cikin wani irin sauƙi mai lalata tarbiyya. Akwai 'yar takarda ruwan hoda da ba ta wuce tafin hannu da kaɗan ba, tana ɗaukar magani har uku. Ma'aikaciyar teburin karɓar majinyata ta buga, likita ya ja biro sau ɗaya yana tsaye a bakin ƙofa, majinyaci ya cusa a aljihu ya tafi kantin magani. Ina ilimi a nan? Yanzu kuwa sai an haɗa masa wani akwati da ke sada asibitinsa da rumbun bayanan ƙasa, da na'urar karanta kati, da katin shaidar asibitin, da katin shaidar shi kansa likitan, da lambar sirri, da manhajar da kullum ke neman a sabunta ta. Kowane magani da takardarsa daban, kowace takarda da sa hannunta. Likita ya danna, ya zuba wa 'yar ƙawanyar nan ido tana juyawa a fuskar kwamfuta, majinyaci na zaune yana kallon ƙeyarsa. A waɗannan daƙiƙoƙi ne mutum ke samun damar yin tunani a kan rayuwarsa, abin da likitocin da can ba su taɓa samun lokacin yi ba.

Kada a ce ba a tausaya masa ba. An ƙirƙiro masa hanyar da zai sa lambar sirri sau ɗaya ya yi sa hannu har 250, da sharaɗin katinsa ya zauna a cikin na'ura. An kuma ba shi damar tara takardu ya sa musu hannu gaba ɗaya idan ya samu sarari. Wannan ta biyun ce ta haifar da wata baiwa da babu wanda ya yi tsammani: tsofaffin Jamus sun zama masu sauri fiye da intanet.

Ga yadda abin ke faruwa. Dattijo ya zo karɓar maganin hawan jininsa na kullum. Ma'aikaciya ta ce masa an gama, ya je da katinsa kawai. Ya dogara sandarsa, ya sauka bene, ya tsallaka titi, ya shiga kantin magani, ya miƙa kati. Mai kanti ta zura, ta duba, ta sake zurawa, ta ce, "Baba, babu komai a nan." Dattijo ya rantse yanzu ya fito daga wurin likita. Gaskiyarsa ce, ita ma gaskiyarta ce, domin takardar tana can tana jiran sa hannu, likita kuwa yana ɗaki yana sauraron ƙirjin wani. Sai mai kanti ta buga waya asibiti, layi a cike, don wasu kantunan ma su suke nema. Dattijo ya sake tsallaka titi ya hau bene. Ka ga an yi masa maganin hawan jini tun bai haɗiyi ƙwaya ba, tunda likitoci sun daɗe suna cewa a riƙa motsa jiki.

Wani alherin kuma shi ne an raba majinyaci da wahalar sanin abin da aka rubuta masa. A da yakan buɗe takarda a kan hanya ya karanta, wani lokaci ma ya dawo yana cewa, "Likita, wannan ba shi ne wanda na saba sha ba." Wannan katsalandan ya ragu. Katin da ke hannunsa ba ya ɗauke da takardar ma, mabuɗi ne kawai. Ita tana can a rumbun gematik. Mai son gani da idonsa sai ya sauke manhaja a waya, ya tabbatar katinsa na sabon yayi ne, ya nemi lambar sirri daga kamfanin inshorarsa bayan ya tabbatar musu shi ne shi. Wace tsohuwa mai shekara 80 ce wannan zai gagara? In kuma ta nace sai ta riƙe wani abu a hannu, doka ta ba ta dama a buga mata takarda mai ɗauke da 'yan zanen nan da na'ura ke karantawa. Takardar ta ninka tsohuwar ruwan hodar girma. Haka ake yaƙi da takarda a ƙasar da ta ci gaba.

Tafiyar ma kanta abin koyi ce. An fara sa ranar 1 ga Janairun 2022 a matsayin ranar da kowa zai hau, sai ana saura kwanaki kaɗan ma'aikatar lafiya ta ce a dakata, ba a shirya ba. Sai aka ce a watan Satumba za a soma da yankuna biyu. Ƙungiyar likitocin Schleswig-Holstein ta janye tun ba a busa usur ba, saboda hukumar kare bayanan jama'a ta jihar ta hana aika wa majinyata lambar takarda ta imel. Ta Westfalen-Lippe ta daure zuwa Nuwamba, ita ma ta ajiye, bayan kwamishinan kare bayanai na tarayya, Ulrich Kelber, ya ƙi amincewa da yadda aka tsara karɓar magani da kati, don ya ga ƙofar da ɓata-gari zai bi ya leƙa takardun mutane. Sai a Yulin 2023 hanyar katin ta fara aiki. Wata shida bayan nan ministan lafiya na lokacin, Karl Lauterbach, ya ce kowa ya hau, ko ya shirya ko bai shirya ba. Shugabanci ke nan.

A cikin wannan 2022 ɗin ne likitocin iyali suka samu darussan kimiyya kyauta. A farkon shekara, sababbin katunan lafiya suka riƙa sumar da wasu na'urorin karanta kati. Dalilin kuwa shi ne ɗan lantarkin nan da ke taruwa a jikin roba idan ta gogu da tufafi a lokacin sanyi. Majinyaci ya zaro kati daga aljihun rigar sanyi, a zura, na'ura ta ɗauke wuta, wani lokaci har da kwamfutar asibiti, a kashe komai a kunna, layi ya kai bakin ƙofa. Maganin da aka samo shi ne wani ɗan abu da ake ɗorawa a bakin na'urar ya zuƙe lantarkin. Bayan wannan sai aka tuna cewa shaidar tsaron da ke cikin akwatunan nan shekara 5 take yi ta mutu. Aka yanke shawarar a zubar da akwatunan a sayo sababbi, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai Yuro miliyan 300. Wasu masu kutsen kwamfuta na ƙungiyar Chaos Computer Club, marasa ladabi, suka fito a watan Oktoba suka nuna cewa 'yar manhaja ta isa ta sabunta shaidar, har suka ce sun bayar kyauta. Ka ji mutanen da ba sa son tattalin arziki ya motsa. Sai daga baya aka yarda a tsawaita wa sauran akwatunan kwana.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne adalcin rabon laifi. Doka ta ce asibitin da bai haɗu da rumbun ba a yanke masa kashi 2.5 cikin ɗari na kuɗin aikinsa, wanda kuma bai nuna yana iya fitar da takardar intanet ba a yanke masa kashi 1. A watan Maris na 2024, ɗaya daga cikin kamfanonin da ke tantance katunan likitoci ya riƙa samun matsala da safe, daidai lokacin da asibitoci ke buɗe ƙofa, kwana da kwanaki. Wa majinyaci ya zaga? Ai ba ya ganin kamfani, ba ya ganin gematik da ma'aikatar lafiya ke riƙe da kashi 51 na hannun jarinta, ba ya ganin minista a Balin. Ma'aikaciyar teburi yake gani, sai likita. Su ne ke ba da haƙuri, su ne ke riƙe da waya suna sauraron kiɗan jira na sashen gyara. An ɗaukaka likita daga mai duba marasa lafiya zuwa mai gyaran na'ura, mai bayanin manhaja, kuma mai karɓar zagi a madadin gwamnati, duk a kan kuɗin aiki ɗaya.

Masu baƙin ciki za su ce akwai abin da ya gyaru, wai mai ciwon da ya daɗe ba sai ya zo karɓar takarda kowane lokaci ba, wai takarda ba ta ɓacewa a aljihu, wai ranar da sabis ke nan komai na tafiya sumul. Haka ne, kuma da a ce an tambayi likitocin iyali tun farko yadda safiyar Litinin take a asibitinsu, da an kai nan ba tare da an bi ta kansu ba. Amma da an yi hakan, ina za su koyi juriya?

Saboda haka, Likita, ka gode wa waɗanda suka zamanantar da kai. Sai dai kada godiya ta sa ka zubar da damin takardar nan ruwan hoda. Tsarin da kansa ya ce idan rumbu ya tsaya ita za ka ɗauko, idan ka je duba majinyaci a gidansa ita za ka rubuta. Ka ajiye ta a aljihun tebur na sama, kusa da biro, ka kuma tabbatar biron yana da tawada.