Malamin Hotuna

Ina da wata cuta da na daɗe ina ɓoyewa: ni littafi kallonsa nake yi, ba karantawa ba. Kuma hakan bai taɓa hana ni ba da fatawa ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa sarin kaya Guangzhou ya san Dengfeng, unguwar nan mai ƙananan lunguna a Xiaobei, inda 'yan Mali da Gini da Nijar da mu mutanen Kano muke cin karo a gidajen abincin halal. Malaman jami'a sun sha rubutu a kanmu. Adams Bodomo, ɗan Gana, ya fitar da Africans in China a 2012, Gordon Mathews da abokan aikinsa biyu suka biyo da The World in Guangzhou a 2017. Duka biyun na saya, na jera su a falo daidai inda idon baƙo zai faɗa. Rasiɗin da na sa alama da shi a na Mathews har yau yana shafin gabatarwa, ya ma fara koɗewa.

Wanda ya rufa mini asiri shi ne littafin Little North Road na Daniel Traub, wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto. Hotunan wasu 'yan Sin biyu ya tattara, Wu Yong Fu da Zeng Xian Fang, waɗanda a da suke tsayawa a gadar tsallaka titi ta Xiaobei suna ɗaukar masu wucewa, a biya su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Duk abin da farfesoshi suke jan zance a kai, ƙaura, fatauci, neman mutunci a baƙon wuri, sai ga shi tsaye a kan gada. Mutum ya ci ado, ya ƙame, dogayen benaye a bayansa kamar shi ya gina su, don kawai a gani a gida a ce wane ya samu. Na san tsayuwar nan, na yi ta.

Daga nan nake ɗibar duk malantata. In musu ya kaure a majalisarmu ta Kantin Kwari sai in gyara murya in ce, "Ai masana sun tabbatar." Masanan nan kuwa wani bawan Allah ne mai baƙin tabarau a hoto. Ran nan ɗan ƙanwata da ke jami'a ya zo da biro da takarda.

"Kawu, a wane shafi suka faɗa?"

"Kai, tashi mu yi alwala, la'asar ta yi."

Da sauran kusan awa guda a kira sallah.

Ko a littafin hotunan ma akwai rubutu, tsallake shi nake yi. Fuskata nake nema, kuma ba ta ciki, na duba har da madubin ido na aro.

To malamai, in za ku sake rubutu a kanmu ku taho da mai hoto. Kuma don Allah a sanar da ni ranar, in kai shaddata wajen bugu.