Mu da Faɗuwar Gaba

Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya, a unguwanninmu babu gidan da ba shi da likitan zuciya. Ka kuskura ka ce a zaure ko a tsakar gida, "Ni kam kwana biyu gabana sai faɗuwa yake, zuciya na dukan uku-uku, ga kasala kamar an zare mini laka," kafin ka rufe baki an gama gano cutarka. Goggo za ta ce ambatonka ake yi a wani wuri. Baba na kan dakali zai ce tunani ne, wa ya tsira a wannan tsadar? Maƙwabciya za ta rage murya ta tambaya ko ka watsa ruwan zafi da magariba ba bisimilla. Yaron kemis kuwa ko kai ba ya ɗagawa: maleriya da taifod, ga allura, ga ledar ruwa. Wanda ya fi kowa tausayi shi zai aika a sayo maltina da madarar gwangwani, a gauraya, ka shanye, wai jini ya dawo. Duk mun sha, kuma duk mun ɗura wa wani.

Abin da ba ma yi shi ne mafi arha, wato ƙirgawa. Mu da muke ƙirga canjin mai kayan miya sau biyu, ba mu taɓa ƙirga bugun zuciyarmu ba. Yatsu biyu ne a wuyan hannu, ta gefen babban yatsa, agogon waya a gaba, minti guda. Baligi in yana zaune a natse, bugun kan tsaya tsakanin 60 da 100 a minti. In ba gudu ka yi ba, ba cacar baki ka gama ba, amma kullum yana haura 100, ko yana tsalle ba tsari, ga gajiya ta ƙi sakin ka, to ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi, kuma sau da yawa zuciya lafiyarta ƙalau, wani abu ne ya koro ta. A wajenmu na gaba-gaba shi ne ƙarancin jini. Jini ke ɗaukar iskar da muka shaƙa ya raba wa gaɓoɓi; in ya yi ƙasa sai zuciya ta ninka aiki don ta cike giɓi, mutum ya hau bene ɗaya yana haki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sinadarin himogulobin in ya gaza 13 ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki, jini ya yi ƙaranci. Ɓarayinsa kuwa duk 'yan gida ne: maleriya, al'ada mai zuba da yawa, haihuwa kusa-kusa, tsutsar ciki, sikila, da gyambon ciki mai tsiyaya a ɓoye, wanda mu da kanmu muke tsokana da maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen a kan yunwa. Maltina zaƙi za ta ba ka. Sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi yana cikin hanta, nama, wake, zogale da alayyahu. Sai mu ci waken, mu bi shi nan take da shayi mai kauri, shayin kuma ya hana hanji tsotse ƙarfen.

Tun da an zo maganar shayi, kowa ya duba aljihunsa. Dattijo da goro a kunci tun hantsi, samari a majalisa da ataya zagaye uku har tsakar dare, direba da lemon ƙara kuzari, wani ma har da tramadol. Sannan da asuba a tashi ana cewa, "Ni ban san me ya sami zuciyata ba." Ƙara da zafin bazara da ƙishirwar azumi da zazzaɓi, kowannensu yana iya sa ta sauri.

Akwai kuma wanda muka fi yi wa mummunar fassara. Mutum yana ci kamar gara amma yana ramewa, gumi ko da sanyi, hannu na rawa, barci ya ƙaura, wani lokaci ido ya firfito ko wuya ya kumbura. Mu sai mu ce an yi masa sammu, mu fara lissafin waɗanda ba sa gaishe shi. Alhali halittar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ita ce ke aiki fiye da kima, kuma gwajin jini na nuna ta, kuma tana da magani. Addu'a ba ta hana gwaji, kowa ya sani.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne mai jego. Yarinya ta haihu, gida ya cika, ana ta "barka da arziki", ana hura wutar wanka, ana dama kunun kanwa. Ta ce wa uwarta, "Inna, zuciyata na bugawa, in na kwanta numfashi na sarƙewa." Sai a ce, "Haihuwa ce, 'yar nan, mu ma haka muka yi, ƙara kunu." Ƙafa ta kumbura, mu ce jego ya karɓe ta, ta yi ƙiba. Tun shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta yadda gazawar zuciya bayan haihuwa ta yawaita a ƙasar Hausa, har suka zargi kanwa da zafin wankan jego. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano sun zurfafa bincike, suka nuna hannun rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin masu ciki. Ko ma wanne ya fi laifi, kanwa gishiri ce, kuma zuciyar da ta gaji ba ta son gishiri. Mai jegon da ba ta iya kwanciya sai an tara mata matashi, tana tari da dare, asibiti za a kai ta ranar nan, ba sai an yi arba'in ba.

Kuma zuwa asibitin ba abin tsoro ba ne kamar yadda muke zuzutawa. Likita zai tambayi yaushe abin ya fara, me kake sha, har na gargajiya, don haka a tafi da kwalayen, kar a ɓoye. Zai auna bugu da hawan jini, ya duba cikin ido, ya saurari ƙirji. Sai gwajin yawan jini da muke kira PCV, na maleriya, na sukari, na maƙoƙo in da alama, da ECG, wayoyin nan da ake liƙawa a ƙirji su zana bugun a takarda, ba allura ba zafi. In an ga dalili sai a ɗauki hoton zuciya. Damuwa ma tana sa faɗuwar gaba da gajiya, gaskiyar Baba ce, amma sai an kore sauran ake tsayawa a kanta. Bugu marar tsari, musamman ga tsofaffi, yana iya sa jini ya daskare ya haifar da shanyewar ɓarin jiki. In kuwa bugun ya zo da ciwon ƙirji, ko suma, ko numfashi sama-sama, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, a bar aiken maltina, a nemo mai adaidaita.