Sannu da riƙon amana, mai injin mutu-ka-raba

Taubashi, a gaishe ka. Duk garake na kwarin Bune ban ga mai riƙon amana irinka ba. Mutane suna sayen injin ban ruwa, in ya tsufa su sake wani. Kai kuwa naka motopompin, tun da ka ɗauko shi daga Nguru a 2011, shekarar da aka buɗe matatar SORAZ ta Damagaram, kuka ƙulla auren mutu-ka-raba. Madalla da namijin duniya!

Na ga aikinka da idona ranar da na biyo garka da hantsi. Ka tsuguna ka kwance buji, ka goge da bakin riga, ka hura, ka mayar. Ka ɗura wa injin ruwa ta sama, ka ƙara naɗe wuyan tiyo da robar taya a kan wadda ka naɗa jiya. Sannan babban ɗanka ya kama igiya. Ya ja, ya ja, har tafin hannunsa ya yi bororo, kana tsaye kana cewa «ƙara dai, ya kusa». Da injin ya ga dama ya yi tari ya tashi, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe gindin dabino, ruwa ya fito siriri kamar daga bakin buta. Bakanike zai ce ringi ya cinye, injin na ƙona baƙin mai tare da fetur. Kai da ka fi shi sani ka ce sanyin hunturu ne ya kama shi.

Wa ya kai ka haƙuri da rairayi? Tuddan yashi sun zagaye kwarin, har sai da aka yi aikin PLECO a yankin Gure da Maine-Sorowa, ana kafa shingen kalimbo don a tsayar da su. Kai ko ka yar da matatar iskar injin tun tuni, ka cusa tsumma a gurbinta, ƙura na shiga ciki yadda take so. Yashin da ke biyo ruwa ya side farfela, ya cinye robar da ke tare iska, kuma injin da iska ke kutsa masa ba ya zuƙa. Ko sabo fil ne, irin wannan da ake ajiyewa a bakin rijiya ba ya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, ga rijiyarka tana ja da baya duk bazara. Da ka ga haka sai ka haƙa rami ka saukar da shi ƙasa, kana shiga kana shaƙar hayaƙi. Kai, wannan dabara sai kai.

Ga kuma kyauta. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya janye tallafin fetur a Najeriya, kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta yi tsada a duk bakin iyaka, maƙwabtanka suka fara lissafi, wasu suka haɗa kuɗi suka koma famfon sola. Kai ba ka san rowa ba, kana ba injin ninkin abin da yake sha da, yana ba ka rabin ruwan. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli na 2023, kayan gyara suka yi wuya, ka hau babur har Gure neman kabireta ta hannu. Bakanikenka kullum yana sa maka albarka, don da kuɗinka ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Na zauna da Inna mun haɗa abin da ka kashe a gyara cikin rani biyu kawai, ya sayi sabo har da canji.

Mai sayen tsohon ƙarfe ya zo ya taya, ka kore shi, wai ba a sayar da abokin arziki. To abokin arzikin ya kwanta kwana tara a tsakiyar watan da albasa ke ƙwai. Na ga matarka da ƴan matanka biyu suna jan guga tun asuba, suna bin fangali da bokiti, ƙaramar ko makaranta ba ta je ba duk makon. Rabin albasar ya ƙone, rogon da kake taƙama da shi ya yi yaushi. Wannan abin ya tsaya mini a rai, taubashi, har yau in na tuna hannun babban ɗanka ba na jin daɗi.

Na bar jika talatin a wurin Inna, gudummawata ce ta sabon inji. Ranar kasuwa zan zo da amalanke mu ɗora tsohon mu kai wa mai ƙarfe. In ka karɓi kuɗin nan ka kai wa bakanike, ban yafe ba.